Kiɗan da ka ce yana ɗingishi

Jiya muna shirin rufe situdiyo ka ce min, "Oga, wannan kiɗan da kake ta ji tun la'asar, anya ba kuskure suka yi ba? Ganga na ɗingishi, ga shashshaka kamar tsohon kaset, kuma ko amshi babu." Na ce ka bari sai da safe, don an fara kiran magariba. To jawo kujera.

Ɗingishin nan da gangan ne. Ka san kwantayiz ɗin da ke cikin manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, wanda ke jawo kowane bugu ya zauna cif a kan layi. Kai kullum naka a kunne yake, shi ya sa kiɗanka ke tafiya kamar faretin 'yan sanda. J Dilla, wani makaɗin hip-hop na birnin Ditiroyit a Amurka, kashe shi yake yi a na'urarsa MPC3000, ya buga da yatsunsa. Wani bugun ya ɗan makara, wani ya ɗan riga lokaci, kaɗan dai, kamar ƙiftawar ido. Jan nan da ke tsakaninsu shi ke sa ka gyaɗa kai ba ka sani ba, kuma na gan ka jiya kana gyaɗawa kana sukar abin. Kundinsa Donuts ya fito ranar 7 ga Fabrairu 2006, kwana uku kafin mutuwarsa, har yau 'yan hip-hop na bayan fage daga shi suke ɗiba.

Mu ma abin nan ba baƙonmu ba ne. Ka tsaya kusa da mai kalangu a gidan biki, ka ga yadda yake matse shi a hammata, ya riƙe bugu har sai mai rawa ta ɗaga ƙafa sannan ya sake shi. Da za ka sa masa kwantayiz, da mata sun koma sun zauna.

Shashshakar kuwa daga faifan garmaho take. Makaɗan suna yanko guntun tsohon kiɗa su yi gini a kansa. Na'urar SP-1200 da ta fito a 1987 daƙiƙa 10 kacal take iya riƙewa, sai su juya faifan da sauri don ya shiga, su dawo su rage gudunsa. Sautin ya fito da kaushi, kunne ya saba, har ya zama ana nemansa.

Batun amshi, kunnenka ne ya tashi a nanaye, inda baiti ke jiran amshi kamar tuwo da miya. A kundin Madvillainy na 2004, wanda makaɗi Madlib ya yi wa mawaƙi MF DOOM kiɗa, yawancin waƙoƙin gajeru ne, ya faɗi abin da zai faɗa ya wuce. Kada ka damu da Turancin tukuna, ni ma ba duka nake kamawa ba. Saurari inda amsa-amo ke faɗowa. Ba ƙarshen layi kaɗai yake jira ba, tsakiya ma yana zubawa, gaɓa uku huɗu su amsa juna. 'Yan gambara haka suke yi a kasuwa tun ba a haife mu ba. Kuma Hausa tana da abin da Turanci ba shi da shi: ka ce "na shigo gari neman gari", na farko gajere, na biyu da ja, ka ga yunwa ta fito ba ka ambace ta ba. Amma in ka murɗe karin sautin kalma don ta hau kiɗa, mutumin Kano zai ji, kuma zai yi maka dariya.

Sai dai kada ka ruɗu, ɗan nan. Rabin abin da yara ke turo min ta WhatsApp da sunan sabon salo, lalaci ne kawai. Nakan ce wa yaro ya buga min shi a miƙe, in ya kasa na gane. Kuma in mai waƙar biki ko ta siyasa ya zo, ka bar kwantayiz ɗinka a kunne, da kuɗinsa muke biyan haya.

Yanzu ɗauko kalangun nan da muka naɗa makon jiya. Yanko bugu huɗu, kashe kwantayiz, buga sauran da hannu, ka kawo min bayan azahar. Ka fara sayo wa janareta mai, ba na jin wutar nan za ta kai.