Filin Tambayi Malamin Lissafi: "Malam, x ɗin nan ya hana ni barci"

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗan aji ɗaya ne a jami'a, kimiyyar kwamfuta nake karantawa. Na samu kiredit ɗina na lissafi a NECO amma wallahi tunda muka fara MTH 101 kaina ya kulle, makin da na ci a tes ɗin farko ko faɗa ba na iya yi. In lakcara na yi a allo ina ganewa tsaf, da na koma hostel na buɗe littafi sai in ga kamar ban taɓa gani ba. Tsoron kari-oba nake. Ko dai kawai ba ni da kan lissafi ne? Ɗalibi daga Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Maganar kan lissafi mu ajiye ta gefe tukuna, don ka riga ka faɗi ciwon da bakinka. Kana ganewa in ana yi, in ka zo yi ya gudu, to ai kallo kake yi ba lissafi ba. Lakcara ya ɗauki alkalamin allo yana gangarowa layi bayan layi kai kana gyaɗa kai, kowane layi ka ga ya yi daidai da na samansa, amma ba kai ka zaɓi matakin da za a ɗauka ba, shi ya zaɓa, kuma wannan zaɓin shi ne abin da ake tambayarka ranar jarrabawa.

Sannan in ina makin takardun 'yan aji ɗaya, abin da ke kayar da su da wuya ya zama logaridim ko bainomiyal ɗin da suke tsoro. Tsofaffin ramuka ne na ƙaramar sakandare. Gwada kanka yanzun nan, ban da kalkuleta. Nawa ne 1/2 + 1/3? In ka ce 2/5 to mun kama ɓarawon, amsar 5/6 ce. Buɗe wannan: 7 − (x − 4). Da yawa 7 − x − 4 suke rubutawa, alhali 11 − x ne, don maines ɗin da ke gaban baka kowa na ciki yake taɓawa. Na uku shi ne sarkinsu, (a + b)² wanda rabin aji ke mayarwa a² + b². Sa 3 da 4 ka gani da idonka: 7 sau 7 ya ba ka 49, amma 9 da 16 sun tsaya a 25. Ina 24 ta shiga? Ita ce 2ab ɗin da aka yar a hanya.

Akwai kuma karatun da aka yi mana tun muna yara, wai in lamba ta tsallaka alamar daidai sai ta canza alama. Ni gaskiya ba na son wannan haddar ko kaɗan. Ita ce ke sa yaro ya ga 2x = 10 ya rubuta x = 10 − 2, ko ya raba da −2, shi a ganinsa ai biyu ta tsallaka. Babu abin da ke tsallakawa. Ikweshan sikeli ne irin na mai awon nama, abin da ka cire a wannan faranti dole ka cire a wancan, in ka raba nan da biyu ka raba can da biyu. Ka riƙa rubuta abin da ka yi wa ɓangarorin biyu a gefen takarda, ko da abokanka za su ce kana ɓata lokaci.

To ga abin yi. Nemo littafin lissafi na JS 2 da JS 3, ba kunya a ciki, ka bi babin firakshan da na lambobi masu maines da na buɗe baka har sai hannunka ya faɗa. In za ka yi bitar lakca, kwafi tambayar kaɗai, rufe amsar, yi da kanka, sai ka maƙale sannan ka leƙa layi ɗaya ka sake rufewa. Kullum ɗan kaɗan ya fi kwanan zaune ana gobe tes. Kuma duk amsar da ka samu mayar da ita cikin tambayar, in ka ce x = 5 to saka 5 ɗin ka ga ko ɓangarorin sun yi daidai, a lissafi kai ma kana iya yi wa kanka makin kafin malami ya karɓi takarda.

TAMBAYA: Malam ni a kwalejin ilimi nake, Arabiyya da Islamiyya nake yi, amma an haɗa mu da kwas ɗin lissafi na dole. Dan Allah meye amfanin haɗa haruffa da lambobi ga irina? Ɗaliba daga Azare.

AMSA: 'Yata ai ke ce ma bai kamata ki yi wannan tambayar ba, don fannin nan a gidanku aka raine shi. Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, shi ya rubuta littafin da ya tsara aljabra wajen shekarar 820, kuma babban kaso na littafin a kan wasiyya da rabon gado yake. Babu x babu y a ciki, da kalmomi ya rubuta komai, abin da ake nema ya kira shi "abu". Al'adar sa x, y, z a madadin abin da ba a sani ba sai a 1637 René Descartes na Faransa ya yaɗa ta.

Ɗauki mas'alar da kika sani. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza 2 da mata 3, ba iyaye, bayan an biya bashi da wasiyya abin da ya rage naira 800,000. Matar tana da tumuni, wato 100,000, saura 700,000. Kira rabon 'ya mace x. Namiji na da rabon mata biyu, 2x kenan. Maza biyu 4x, mata uku 3x, an samu 7x = 700,000. Kowace mace 100,000, kowane namiji 200,000. Malaman fara'idi a zaure haka suke yi sai dai su ce sahami bakwai, ke kuma kin ce 7x.

Tunda na fara bari in ƙara miki ɗaya, don na san kwadiratik, wato ikweshan mai x², na nan tafe a kwas ɗinku kuma za a ba ku fomula a ce ku haddace. Shahararren misalin al-Khwarizmi shi ne wanda yau muke rubutawa x² + 10x = 39. Zana murabba'i, kowane gefe x. Raba 10 biyu, ki liƙa wani dogon fili mai faɗin 5 a damansa, wani irinsa a ƙasansa. Duka abin da kika zana 39 ne. Za ki ga kusurwa ɗaya ta rage fayau, 5 sau 5, wato 25. Cike ta, babban murabba'in ya zama 64, gefensa 8, cire 5 ɗin da kika liƙa, x = 3. Gwada: 9 da 30, 39 cif. A ajinku za a ce akwai amsa ta biyu, −13, shi bai kula ta ba don ba ya karɓar amsa mai maines. Wannan zanen in aka yi shi da a, b, c maimakon lambobi, shi ke haifo fomular da ake sa ku haddacewa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, sabon lakcara ne ni a wata foliteknik, an ba ni aljabra na 'yan ND 1. Ajin ya cika har tagogi, in na ce kun gane sai su ce eh, in na ba da tes sai zubewa. Kuma laifi ne in riƙa sa Hausa a bayani? Malami daga Katsina.

AMSA: Malam barka da shigowa sana'a. Daina tambayar kun gane, ba wanda zai ɗaga hannu gaban jama'a ya ce shi bai gane ba, balle 'yan matan da ke kujerun baya. Rubuta tambaya ɗaya gajera, ba su minti uku, ka sauko ka zagaya kana leƙa takardu, layi biyu za ka bi ka san inda ajin yake. Wani abin da ke aiki sosai, ka rubuta warwara mai kuskure a allo da gangan ka ce su nemo inda aka yi ɓarin, nan za ka ji aji ya ɗau musu, har masu barci sun farka.

In sun tambaye ka me ya sa maines sau maines ke ba da filos, kar ka ce haka doka ta ce. Jera musu: 3 × −2 = −6, 2 × −2 = −4, 1 × −2 = −2, 0 × −2 = 0. Kowane mataki ana ƙara 2. To −1 × −2 fa? Su da kansu za su ce 2.

Batun Hausa kuwa, ni ina yi kuma ban ga aibunsa ba, matuƙar ka tabbata ba ka bar waɗanda ba sa ji a baya ba, don ajin foliteknik ba ya rasa su. Yi bayanin dalili da harshen da zai shiga, amma sunayen abubuwa da yadda ake tsara tambaya ka bar su da Turanci ka yi ta maimaitawa, da shi za su ga takardar jarrabawa. Makon farko kuma ba su ɗan gwaji na firakshan da alamomi wanda ba maki, ka ga da wa kake tare kafin ka kama silabos.

TAMBAYA: Malam akwai manhajar waya da in ka ɗauki hoton tambaya take warware maka, halal ne in yi asaimen da ita? Ɗalibi daga Maraɗi.

AMSA: Irin su Photomath kake nufi. In kwafa za ka yi ka miƙa a matsayin aikinka, wannan ha'inci ne, kuma ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya. Amma ka gama naka tukuna sannan ka ɗauki hoton ka gwada layi da layi ka ga inda kuka rabu, wannan kam ina ma ƙarfafa shi. GeoGebra ma ka saukar, kyauta ce, rubuta y = x² + 10x − 39 ka duba inda zanen ya yanke layin kwance, za ka tarar da 3 da −13 ɗin da muka yi maganarsu a sama.