Kafin yayanki ya yankar muku tikitin jirgin ruwa daga Amurka, ki ji abin da ya same ni da Ummata

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Wallahi ina karanta tambayarki gabana yana faɗuwa, sai da na ajiye wayar na ɗan zagaya kafin na iya dawowa in amsa miki. Kin ce kina Abuja, kina son kai Baba da Mama yawon shaƙatawa a jirgin ruwa a Bahar Rum. Yayanki na Houston a Amurka ya duba ɗaki ɗaya, jirgi ɗaya, rana ɗaya, ya ga farashin can ya fi sauƙi sosai a kan wanda ƙawarki ta Landan ta gani, shi ne kike tambaya ko ya yanka muku da adireshinsa ya haɗa da inshorar can. Wannan ramin ni na faɗa cikinsa a 2023, kuma da mahaifiyata a hannuna na faɗa. Don Allah kada ki bari ya saya musu inshora da adireshinsa. Tikitin ma a yi a hankali, amma inshorar kam kada a kusance ta.

'Yan wannan zauren da yawa sun san ina zaune a Manchester. A shekarar ne na ce Umma ta sha wahalarmu, tun rasuwar Abbanmu ba ta taɓa fita ko'ina ba in ba Umara ba, bari in nuna mata teku. Wata ƙawata ta haɗa ni da wani ejan, ɗan gida ne, Hausarsa ta fi tawa, yana ce mini Hajiya yana ce wa Umma uwata. Ya ce yana da hanya da wani kamfanin tafiye-tafiye a Amurka, farashinsu ya fi na Ingila nesa ba kusa ba. Ya turo mini hotunan farashin biyu gefe da gefe. Na gani da idona, na yarda. Ban tambaye shi adireshin wa zai sa ba. Ashe wani gida ne a Texas ya rubuta mana mu uku, ni da maigidana da Umma, gidan da ban taɓa takawa ba.

Arahar nan ma ganin kitse na yi wa rogo. A lokacin, farashin da ake nunawa a shafukan Amurka babu haraji babu kuɗin tasha a ciki, sai kin zo biya suke fitowa. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ce a nuna miki farashi da duk kuɗin da ba makawa sai kin biya. Tun Yulin 2024, bayan wata doka ta jihar Kalifoniya, manyan kamfanonin Amurka ma sun koma haɗa harajin a farashin farko, saboda haka yanzu giɓin ya ragu. Amma tukuicin ma'aikata yana nan. Jiragen Amurka suna ɗora wa kowane mutum wajen dala 16 zuwa 20 a kowace rana, ba a cikin farashin yake ba. Ku uku, kwana bakwai, ki lissafa da kanki. Wasu kamfanonin a Ingila da Ostareliya sun riga sun zuba shi cikin farashi, shi ya sa nasu yake kama da tsada. Ki sa yayanki da ƙawarki kowa ya bi shafin har zuwa inda ake sa lambar kati, sannan su turo miki adadin ƙarshe. Shi ne farashi.

Ba zan ɓoye miki ba, tsarin Amurka yana da daɗinsa. Yawanci kafin alƙalamin da kika bayar ana mayar miki in kin fasa kafin ranar cikon kuɗi, wadda kan kama kwana 75 zuwa 120 kafin tashi, sai fa in tikitin rangwame ne da aka rubuta ba a mayarwa. In farashi ya sauka kafin ranar, ejan zai iya neman a rage miki. A Ingila kuwa kina ba da kafin alƙalami ya tafi ke nan. Sai dai abin da Ingila ta ba ki a madadin haka shi ne kariya: dokar tafiye-tafiyen haɗaka ta 2018 ta ce in kamfani ya soke tafiya a mayar miki da kuɗinki cikin kwana 14, in sun ƙara farashi fiye da kashi 8 cikin ɗari kina da ikon fasawa, kuma kina iya miƙa gurbinki ga wani in kin sanar kwana bakwai kafin tafiya kika biya kuɗin canjin. In akwai jirgin sama a haɗe akwai ATOL, wato kariyar da Ingila ke ba matafiya in kamfani ya karye, wadda ta kwaso mutane gida lokacin da kamfanin tafiye-tafiye na Thomas Cook ya durƙushe a Satumbar 2019. Ni duk na yar da wannan ban sani ba, ina zaune a ƙasar da ke da shi.

Mun tashi daga Basalona a watan Oktoba. Umma ta yi murna irin wadda ban taɓa ganin ta yi ba. Ta tsaya a barandar ɗakin tana kallon ruwa tana ta Subhanallah, ta ce in kira mata ƙannena na Kano ta bidiyo su ga ikon Allah. Hanyar jirgin ita ce Tunis, babban birnin Tunisiya, sai Falarmo, Nafuli, Jenowa, Marsai, a dawo Basalona.

Asubahin ranar da za mu isa Tunis na tashe ta salla. Ta miƙa hannu za ta ɗauki butar da muka taho da ita daga gida, butar ta suɓuce, ruwa ya malale a ƙasa. Ta sake miƙawa hannun ya ƙi. Na ce Umma lafiya? Ta buɗe baki za ta amsa, na ga gefen bakin ya karkace, maganar ta fito a dunƙule kamar ba Hausa ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da nake kallo, amma wallahi ƙafafuna suka ƙi ɗauka ta. Maigidana ne ya buga wayar gaggawa.

Likitan jirgin ya yi ƙoƙari, ba ni da abin cewa a kansa. Amma ki sani asibitin cikin jirgi na kuɗi ne, kowace allura kowane awo ana rubutawa a asusun ɗakinku, kuma ba wurin jinya ba ne. Ya ce dole a sauke ta a tasha ta gaba. Muna isa La Gulet, tashar jiragen ruwa ta Tunis, motar asibiti na jira. Kafin azahar ma'aikata sun tattara mana kayanmu sun sauke, an miƙo mana fasfo ɗinmu da takardar kuɗin asibitin jirgin, an cire daga katina nan take. Da yamma jirgin ya kama hanyarsa. Carbin Umma da ta rataye a jikin fitilar gado ya tafi da shi, har yau tana tambayata.

Asibitin kuɗin da aka kai mu suka ce sai an ajiye kuɗi ko inshora ta turo takardar lamuni. Na ce ba damuwa, muna da inshora har kashi uku. Na tsaya a barandar asibitin na fara kira.

Na farko ita ce wadda ejan ya haɗa mana da tikiti. Matar da ta ɗauka ta yi mini magana mai daɗi, ta ce Allah ya ba ta lafiya irin tasu, ta karɓi lamba. Sai ta ce wace jiha majinyaciyar take zaune. Na ce Kano. Ta yi shiru. Ta ce jihar Amurka take nufi. Na ce ba ta taɓa zuwa Amurka ba. Ta ce in riƙe layi. Minti goma sha ɗaya na riƙe, ina kallon agogon bangon, ina jin Umma a ciki tana ƙoƙarin kiran sunana ba ya fita. Da ta dawo muryarta ta canza. Ta ce wannan inshora ta mazauna Amurka ce kaɗai, an ba da adireshin da ba na gaskiya ba, saboda haka babu abin da za su biya. Na ce baiwar Allah ba ni na rubuta ba. Ta ce ta fahimta, amma da sunanmu aka saya.

Ta biyu tawa ce ta shekara-shekara da ke haɗe da asusun bankina. Ita na san ni da maigidana kawai ta rufe, amma na gwada. Inshorar Ingila sharaɗinta mutum ya zama mazaunin ƙasar, yawanci da rajistar likita a can, tafiyar kuma ta fara daga can ta ƙare a can. Umma baƙuwa ce. Suka ƙara mini da cewa ni kaina ban sayi ƙarin da ya shafi jirgin ruwa ba.

Ta uku ita ce wadda aka saya a Najeriya don neman biza, mai yuro 30,000 ɗin nan da ofishin jakadanci ke nema. A kanta na dogara. Na buɗe takardar a waya, hannuna na rawa, na ga an rubuta ƙasashen Shengen kaɗai, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Tunisiya ba ta ciki. A ƙasa kuma da ƙananan haruffa an cire duk ciwon da mutum yake da shi tun kafin tafiya, Umma kuwa shekara tara tana shan maganin hawan jini. Na zauna a ƙasan barandar nan na yi kuka kamar yarinya.

Na kira ejan ɗin sau nawa ban sani ba. Ya ɗauka sau ɗaya, ya ce Hajiya ki kwantar da hankalinki, yanzu zan kira su. Daga nan waya a kashe. Bayan kwana biyu ya turo saƙon murya yana cewa kowa haka yake yi, shekara nawa yana yi ba a taɓa samun matsala ba, ƙaddara ce. Ƙaddara ce ciwon, na yarda. Adireshin Texas ɗin fa, shi ma ƙaddara ce ta rubuta? Mutumin da ya ci tuwo a gidana, ya durƙusa ya gaida Umma. Ko sannu bai sake yi mana ba, daga baya ma ya toshe lambata. Da na dawo na nemi inda zan kai ƙara a Ingila, ko'ina aka ce mini cinikin a Amurka aka ƙulla shi, ba huruminsu ba ne. Har yanzu ina ganin yana tallata tafiye-tafiye, mutane suna yi masa addu'a a ƙasan hotuna. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba, ba zan yi ƙarya ba.

Allah bai bar mu ba. Wani dattijo ɗan Damagaram da ya kawo matarsa aikin ido ya ji ina kuka da Hausa, ya matso ya ce 'yata me ya faru. Shi ya riƙa fassara mana Faransancin likitoci kwana tara, ya nemo mana masauki kusa, matarsa tana dama wa Umma kunu. A waccan shekarar baƙar fata suna cikin fargaba a Tunisiya, ya hana maigidana fita da dare. Allah ya saka masa da Aljanna. Kuɗin asibiti da masauki da sabon tikitin jirgin sama ya ninka kuɗin tafiyar gaba ɗaya, sai da ƙanena ya sayar da filinsa na Kano, ga naira a lokacin tana ta zubewa tun da aka sake ta a watan Yuni.

Af, maganar naira ta tuna mini. In da dala za ku biya, kada ki ba da kafin alƙalami ki zauna jiran ranar ciko da naira a hannu. Ki tuna yadda dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ki tanadi kuɗin a kuɗin da za a biya da shi.

Sai biza, wadda ba ki ma tambaya ba. Kamfanin jirgi ba ruwansa da bizarki. In an hana Baba ko Mama biza bayan ranar ciko, asara ce taki, kuma tana ƙaruwa yadda rana ke matsowa har ta cinye kuɗin duka. Inshora ta yau da kullum ba ta biyan hana biza. Akwai wadda ake sayarwa a Amurka ta fasawa bisa kowane dalili, tana mayar da rabi zuwa kashi 75 cikin ɗari, amma ita ma ta mazauna can ce, yayanki kaɗai za ta amfana. Kuɗin bizar Shengen yanzu yuro 90 ne tun Yunin 2024, kuma ki nemi mai shiga da yawa in jirgin zai taɓa Tunisiya ko Turkiyya ko Montenegro, in ba haka ba a bakin jirgi za a mayar da ku. Ki kuma sani wasu kamfanonin ba sa yarda ejan na Amurka ya sayar wa wanda ba mazaunin can ba. In yayanki zai biya da katinsa ba laifi, amma a rubuta ainihin ƙasar da kowa yake zaune, a samu amincewar kamfanin a rubuce.

Inshorar su Baba a Najeriya za ki saye ta, tunda nan suke zaune. In zuciyarki ba ta kwanta da inshora ba akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, ki tambaye su. Ki ce a nuna miki a rubuce cewa ta shafi jirgin ruwa, ta shafi kowace ƙasa da zai tsaya da sunanta, da kuɗin ɗauko majinyaci a dawo da shi gida, da masaukin mai jinya. Ki faɗi duk maganin da suke sha, ko na suga ko na hawan jini, ko da kuɗin zai ƙaru, ko da Mama ta ce ai ta warke. Umma ma haka ta ce mini. Ki duba iyakar shekaru, don wasu suna tsayawa a 70 ko 75. Ki buga takardar a kan farar takarda ki sa a jakar hannu tare da jerin magungunansu da Turanci.

Umma tana Kano yanzu, tana takawa da sanda, maganarta ta dawo sai ɗan nauyi in ta gaji. Ku sa ta a addu'a. Ki turo mini jerin tashoshin da jirginku zai tsaya da shekarun su Baba ta akwatin sirri, in na taso daga aiki da dare zan zauna mu karanta takardar inshorar tare layi-layi kafin ki biya ko sisi.