Tambaya da Amsa: Ranar da maƙeri ya kira abokinsa "yallaɓai"

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibar adabin Ingilishi ce a Zariya. Malaminmu ya ce a tsofaffin ƙagaggun labaran Ingila ana gane wanda ya fi ƙarfin faɗa a ji tsakanin abokai daga hirarsu kawai. Ta yaya zan gane hakan?

AMSA: 'Yar'uwa, ki fara lura da sunan da suke kiran juna da shi, domin a nan asiri ya fi tonuwa.

Ki duba littafin Charles Dickens, Great Expectations, na shekarar 1861. Joe maƙeri ne, mijin yayar Pip, tauraron labarin, kuma tun Pip yana ƙarami suke abota babu shamaki a tsakaninsu. Bayan Pip ya samu dukiya ya koma Landan, Joe ya kai masa ziyara a babi na 27, duk ya daburce, ya ɗora hularsa a inda take ta faɗowa yana ta cafewa. Sai ga shi yana kiran yaron da ya taso a gidansa da kalmar girmamawa wadda ta yi daidai da "yallaɓai". Idan ƙauna ta rinjaye shi sai ya ce "Pip", da zarar ya tuna da matsayi kuma sai ya koma kan ladabi.

Abin da ya fi burge ni yana babi na 57. Pip ya talauce, bashi ya yi masa katutu, ciwo ya kwantar da shi, Joe ya zo jinya, tsofaffin sunayen wasa suka dawo bakinsa. Amma Pip na fara samun sauƙi, "yallaɓai" ta sake kunno kai. Joe ya biya bashin a ɓoye ya tafi da sassafe, ya bar 'yar takarda, ga shi wanda ake girmamawa da baki shi ne aka rufa wa asiri.

A littafin Jane Austen, Emma, na 1815, sunan ba ya sauyawa: Emma na kiran ƙawarta Harriet da sunanta, ita kuwa Harriet kullum sunan girmamawa take amfani da shi. A can sai ki duba wa ke tambaya, wa ke yanke hukunci. Emma ce ta karkata Harriet ta ƙi auren manomi Robert Martin, amma ranar da Harriet ta furta cewa tana jin Mista Knightley, wanda Emma ma take so a ranta, na sonta, Emma ce ta koma mai tambaya, hankalinta a tashe.