Likita ya amsa: kabu-kabu ko gadi, zinariya ko albasa, wane aiki jiki ka iya ɗauka?

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka daga nan Tawa. Satin ga tambayoyin da sunka taru kusan duka kan aiki ne, wane ya hi kuɗɗi, wane ya hi wahala, wane ke da gaba. Ni dai ba inspektan aiki ba ne, amma tunda jikin da aikin ya ci wurinmu ake kawo shi, bari in taɓa abin da ya sawwaƙa. Na cire sunaye kamar kullum.

Ta hwarko daga wani matashi ne a nan cikin gari: "Likita barka da aiki. Shekarata 24, BEPC gare ni, ina kabu-kabu da moto na wani, ina hita 6 na sahe sai 7 na dare, in na cire esansi da na mai moto abin da ka rage mini kamar jikka 2 da rabi. Yanzu an samo mini gadi na dare, jikka 50 a wata, awa 12, dare shida a sati. Bayana na ciwo ƙwarai har sai na sha tramol nake iya aiki. Wanne ya hi mini?"

Ƙanena mu hwara da lissahi, don mutanenmu kuɗɗin wata kawai suke dubawa ba su raba shi da awowi. Kabu-kabun naka awa 13 ne kan 2.500, awa guda ta kama kamar sefa 190, dala 38 ke nan. Gadin kuma awa 72 ne a sati, a wata ya haura awa 300, in ka raba jikka 50 sai ka ga awa guda ba ta wuce sefa 160 ba, dala 32. To ka ga a kuɗɗi moto ya ɗan hi, amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai ko taya ta hwashe ba ko dala, kuma ranar da kunka yi karo da mota, Allah shi kiyaye, karayar cinya guda tana cinye abin da ka tara a shekara ta kuma zaunar da kai wata uku ko hiye. Duk wanda ya taɓa kwana urjansi ya san su wa ake kawowa bayan magariba. Saboda haka abin da za ka tambayi masu gadin tun kahin albashi shi ne, akwai kontira rubutacce? za su yi maka rajista a CNSS, wato kesun inshora da fansho na ma'aikata? Don in da rajista, haɗarin da ya same ka bakin aiki kesu ce ke ɗaukar magani, kuma ana tara maka na tsuhwa. In babu, to jikka 50 ɗin nan ita ce duka duka, ta hi SMIG, wato mahi ƙarancin albashin da doka ta yarda, da kaɗan ne kawai, wanda anka ɗaga daga 30.047 zuwa 42.000 a hwarkon 2024.

Duka biyun dai awowin sun yi yawa. Dokar aiki ta 2012 awa 40 ta sa a sati ga yawancin ma'aikata. A 2021 hukumar lahiya ta duniya, OMS, da ta ƙwadago sun hidda bincike cewa mai aikin awa 55 ko hiye a sati haɗarin shanyewar ɓarin jiki na ƙaruwa mishi da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa da ciwon zuciya kuma kashi 17, in an gwada da mai awa 35 zuwa 40, sun ƙiyasta mutum 745.000 sunka mutu ta wannan hanya a 2016 kaɗai. Kai kana wajen 80 ko 90 a kan moto. Kuma na san abin da za ka yi, don kowa shi yake yi, ka karɓi gadin da dare ka hau moto da rana, wannan kam kada ka soma, mai gyangyaɗi bisa moto da fasinja a baya ba shi kaɗai zai je asibiti ba.

Amma maganar da ta hi damuna tramol ce. Ba maganin ƙarhi ba ne, dangin morfin ne, mu muna rubuta 50 ko 100 ga mai ciwo mai tsanani na ƴan kwanaki, wanda ake saidawa a tebur kuwa 200 ne ko 225 ko 250 kuma ba wanda ya san mi ke ciki. Yana ɓoye ciwon ne bayan na ci gaba da lalacewa, yana kawo hwarhwaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba, kuma jiki na sabawa har guda ta daina isa. Kada ka yanke shi dare ɗaya in ka daɗe kana sha, za ka sha zuhwa da gudawa da rashin barci ka koma, ka zo a tsara maka ragewa sannu sannu a duba bayan. In ciwon na sauka ƙahwa da tsami ko mutuwar yatsu, ko hitsari na kubce maka, wannan ba na jira ba ne. Ra'ayina, in da CNSS karɓi gadin, ka yi barcin awa 7 da rana a ɗaki mai duhu, la'asar ka je garejin wani ka koyi gyaran moto ko haɗa sola, don gadi shekara goma gadi ne, ba a ƙara girma cikinshi, shi kuwa mai gyara yana tsuhwa yana ƙara tsada. In ka zauna kan moto, kaske a kai kullum da igiyarshi ɗaure, ba rataye ga madubi don ƴan sanda ba.

Sai wata Hajiya daga Yamai, unguwar Talaje: "Likita ɗiyata ta samu bak D. Tana son likitanci, babanta ya ce shekarun sun yi yawa ta yi sajfam ko anfirmiye, ni kuma na hi son koyarwa don an ce gardin dare na hana haihuwa yana kawo kansa. Gaskiya ne?"

Hajiya Allah shi sanya albarka. Gardin dare, wato kwanan aiki a asibiti, ba ya hana haihuwa, je ki matarnite ki ƙirga ɗiyan sajfam ɗin da ke wurin. Abin da yake yi shi ne rikita barci, wasu al'adarsu ta riƙa gaba da baya, ga ƙiba da tansiyo, wato hawan jini, in an daɗe ana yi ba hutu. Maganar kansa kuma tana da tushe amma an ƙara mata gishiri, cibiyar binciken kansa ta OMS da ke Liyon a Faransa ta sa aikin dare cikin abubuwan da "mai yiwuwa" suna kawo kansa, a 2007 ta kuma sake a 2019, musamman ta mama, kuma ana maganar shekaru masu yawa ne ana yi, ba gardi biyu a sati ba. Abin da ya kamata ki ji tsoro ba a ma hwaɗa miki shi ba, allurar da anka yi wa marar lahiya ta soki hannun ɗiyarki. Ciwon hanta na B ya cika ƙasar nan, kuma ta sukar allura yana kama mutum hiye da sida nesa ba kusa ba, sida kamar 3 cikin dubu ne, shi kuwa yana iya kai 30 cikin ɗari. Kahin ta taka staj na hwarko a gwada ta a yi mata rigakahi, allura uku, yau, bayan wata guda, bayan wata shida. In kuma ta soku, ta wanke ta hwaɗa nan take, maganin kariya daga sida cikin awa 72 ake hwara shi a sha kwana 28.

Zancen shekaru babanta bai yi ƙarya ba, likitanci a Jami'ar Abdou Moumouni shekara bakwai zuwa takwas ne in ba a maimaita ba kuma ba yajin aiki, sannan mai son ƙwarewa ya ƙara huɗu ko biyar, ita kuwa lisans ta sajfam ko anfirmiye a ENSP, makarantar koyon aikin lahiya, uku ce. Sai dai duka ukun har koyarwar, diplom ba shi ne matirkil, wato lambar ma'aikacin gwamnati, ba, da yawa sai sun yi shekaru suna kontiragi ana biyansu pekil kahin a ɗauke su, kuma aikin hwarko sau da yawa ƙauye ne. Koyarwar da kike gani mai sauƙi, aji mai ɗiya 80 ko 100 cikin rumhwar kara a watan Afrilu, makogwaro da ƙurar alli, su ma muna ganinsu. Gaba kam likitanci ya hi hanyoyi, kilinik, ONG, ƙwarewa. In yarinyar na so kuma kanta na ja ku bar ta, wanda anka tura aikin asibiti dole shi ne ke yi wa marasa lahiya tsawa.

Ta uku daga wajen Madawa: "Na yi shekara huɗu ina zinariya a Cibarkaten cikin rami da kwampuresa. Na gina gida na yi aure. Yanzu wata biyu ina tari, na rame, dare ina zuhwa. Abokaina na kira in koma, tsohona ya ce in zauna mu yi albasa. Mi za ni yi?"

Malam bar zancen komawa tukuna, gobe da sahe ka tahi CSI, wato ƙaramin asibiti, ko asibitin gunduma a gwada kakinka. Tarin da ya wuce sati biyu da rama da zuhwan dare tibi ne, wato tarin huka, har sai gwaji ya ce ba shi ba, maganin kyauta ne, wata shida, kuma ana warkewa sarai in ba a yanke ba. A duba matarka da ƙananan yaran gidan su ma. Ka nemi a yi maka radiyon ƙirji ka kuma hwaɗa musu da bakinka aikin da ka yi, don ƙurar dutsin da kwampuresa ke tayarwa tana da wani abu, silis, mai laushin da ido ba ya gani, yana shiga can ƙasan huhu ya zauna, huhun ya yi ta tabo yana tauri kamar ƙirgin da anka shanya. Wannan ba ya da magani, ko ka bar ramin yana iya ci gaba, kuma shi ne ke buɗe wa tibi ƙohwa, shi ya sa ƴan zinariya sunka hi kowa kamuwa. Rawanin da kuke naɗewa a hanci ba ya tare ta, sai mask na gaske irin FFP2 da jiƙa dutsin da ruwa, ruwan da a can sai an saye shi da tsada, na sani. Ga merkir da ake ƙonawa a ware zinariyar, hayaƙinshi na taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, in hannunka na rawa ko kana yawan mantuwa ka hwaɗa.

Tun da anka gano zinariyar Jado a 2014 samarin Adar da yawa sun bar zuwa bida Abijan da Libiya sun nuhi ramukan zinariya na arewa, kuma ba ni musun wasu sun samu, kai ma ga gida. Amma wanda ya samu shi ake gani da Hilux, wanda ya dawo da tari yana cikin ɗaki ba mai ƙirga shi, balle waɗanda rami ya ruhta da su kamar na Ɗan Isa a 2021 inda aƙalla mutum 18 sunka rasu. Aikin rami shekaru kaɗan jiki ke ba ka, albasar Galmi kuwa tsohonka na yi har yau da hurhurarshi, ko da yake ita ma shekarar da kasuwa ta hwaɗi sai haƙuri. In radiyo ya nuna tabo, ramin ya ƙare gare ka, ko an ce kilo ake ɗiba. In kun shiga albasar kuma a kula da maganin ƙwari, kada a yi heshi da tsakar rana ko ana huskantar iska, a sa dogon hannu, a yi wanka da sabuni kahin a ci abinci, kuma bidon ɗin maganin ba na ruwan sha ba ne.

Wani ma'aikacin buro a Yamai ya ce shi kam yana cikin kilim daga sahe zuwa yamma, abokinshi direban kamiyo hanyar Agadas da Arlit na samun ninkin albashinshi, amma shi ma'aikacin anka ce tansiyonshi 15/9, ina amhwanin karatun? Malam ka auna abokin naka tukuna, ƙila nashi ya hi, bai dai taɓa miƙa hannu ba ne. Ku biyun zaune kuke wuni, shi ga rashin barci da girgizar wannan hanya da ta ci gadon bayan direbobi da yawa, ga shayi da goro da sigari. Kai kana da konje da asabar da lahadi da fansho, sa su cikin lissahi. 15/9 ya haura iyaka, iyakar 14/9 ce, a sake aunawa ranaku daban daban kana zaune ka huta, ka rage gishiri da maji, ka bar naman dare kullum, ka taka minti 30 bayan la'asar, in bai sauka ba a sa ka magani, kuma ba a barin shi don an ji sauƙi.

Ta ƙarshe wata ƙanwarmu ce mai aikin kesu, wato karɓar kuɗɗi, a wani shago nan Tawa, cikinta wata shida, tana tsaye awa 10, ƙahwahu na kumbura, tana tsoron ta nemi hutu a sallame ta, tana tunanin ta koma ɗinki a gida. Kumburin ƙahwa da yamma wanda ke saɓewa in an kwana ba komi ba ne ga mai ciki, nemi kujera, ki riƙa ɗaga ƙahwa in kin samu sarari. Amma in huska da hannuwa sun kumbura, ko ciwon kai mai tsanani, ko ido na ganin walƙiya, a ranar ki je a auna tansiyo da hitsari, kada ki jira ranar awo. Doka ta ba mace mai aiki konjen haihuwa sati 14, takwas daga ciki bayan an sauka, kuma ciki ba dalilin kora ba ne, in mai shagon ya yi gardama inspeksiyon ta aiki na nan, je da kontira ko takardun biyan albashi da katin awonki. Ɗinkin ki hwara shi a gehe lokacin konjen ki ga ko masu kawo kaya za su kai abin da kike samu yanzu, don teloli kakarsu sallah biyu ce da lokacin bukukuwa, sauran watannin keken na hutawa. Masu tambayar walda da ciwon ido da kuma mai injin niƙa da kunnenshi ke ƙara, naku sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.