Ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan yoga bayan ritaya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kin yi ritaya, autarki ta yi aure, gida ya yi tsit, ga ciwon baya, likita kuma ya ce ki gwada yoga, wato atisayen miƙa jiki da numfashi, amma kina shakkar ko za ta taɓa abin da ke damun zuciyarki. Na ɗanɗana irin wannan, shi ya sa na kasa wucewa.

A 2018 aka yi mini aikin gwiwa a Chennai, ƙasar Indiya. Ciwon bai ci mini rai ba kamar yadda salla a kan kujera ta ci. Ni da nake sujada tun ina yarinya! Kullum sai in riƙa auna kaina da matar da nake a da, in yi ta kuka a ɓoye.

Likitar gashin ƙashi ce ta fara koya mini yoga. Ta ba ni labarin wani malamin yoga na birnin Pune, B.K.S. Iyengar, wanda ya tashi da cututtuka yana yaro, amma ya rayu shekara 95, ya rasu a 2014. Shi ya yaɗa amfani da kujera da ɗamara da guntun katako a wajen atisayen. Idan hannunki bai kai ƙasa ba, sai a sa katako ki dafa, ba a tilasta wa jiki. Wannan ya shige ni sosai. Yau in sunkuya in taɓa ƙauri, gobe da sanyin hunturu ko gwiwa ba zan kai ba. Da farko haushi nake ji. A hankali na koyi fara tambayar jikina yadda ya kwana, in yi aiki da abin da ya ba ni a ranar.

Numfashi ma haka. Ina ja in ƙirga huɗu, in saki in ƙirga shida. Duk daɗin iskar da kika shaƙa, dole ki sake ta kafin wata ta shigo. Ranar da ɗana ya tare da iyalinsa a wani gari, wannan ƙirgen ne ya zaunar da ni.

A ƙarshen atisaye ana kwanciya rigingine ba motsi, suna kiranta shabasana, wato kwanciyar gawa. Sunan ya tsorata ni, sai na tuna mu ma an hore mu da yawan tuna mutuwa. A cikinta nake tasbihi.

Batun addini kuwa, yoga tana da tushe a addinan Indiya. Ni ba na rera kalmominsu, ba na yin jerin motsin da suke yi don girmama rana, wanda suke kira gaisuwar rana. Miƙa jiki da numfashi kawai na ɗauka, bayan na tambayi malaminmu. Ke ma ki tambayi naki.

Ki fara da minti goma bayan asuba, a kan tabarma, kusa da bango don ki dafa. Kuma ki nuna wa likitanki kowane motsi kafin ki lanƙwasa bayan nan.