Amsa kan sikirif ɗin da ya ƙi tashi da kansa

Assalamu alaikum jama'a. To ƙanena, na saurari saƙonka. Ka ce kana da sikirif na PHP da yake tura wa mutane imel na tunatarwa, idan ka buɗe shi a burauza yana aiki sumul, amma da ka sa shi a cron, wato manhajar sabar da take tayar da ayyuka idan lokacinsu ya yi, don ya riƙa tashi kullum ƙarfe 2 na dare, shiru kake ji, shi ne kake tambaya ko akwai wata manhaja da ta fi cron ka koma kanta. Ni dai ba na jin wata manhaja kake nema. Abin da kake son sani shi ne me ya hana shi tashi, kuma ta yaya za ka gani da idonka. Ka bar cron a inda yake. Abin nan tun shekarun 1970 yake aiki a Unix, wanda Paul Vixie ya rubuta a 1987 ma har yau zuriyarsa ce a kan yawancin sabobin Linux. Da wuya a ce a kan sikirif ɗinka ne ya fara gazawa.

Mu fara da layin lokacin, tunda ba ka turo shi ba. Gurbi biyar ne kafin umarnin: minti, awa, ranar wata, wata, sai ranar mako. Ƙarfe 2 na dare kullum shi ne 0 2 * * *, wato sifili, biyu, sai taurari uku. Don Allah ka duba gurbin farkon nan da kyau. Mutane da yawa tauraro suke sawa a wurin, su rubuta * 2 * * *, suna ganin ai sun ce ƙarfe biyu. Abin da suka ce shi ne kowane minti a cikin awar ƙarfe biyu. Sau 60 ke nan. Ranar da sikirif ɗinka ya fara aiki da wannan layin, kowane mutum imel 60 zai wayi gari da su, kuma kai za a kira. Ranar mako kuma daga sifili ake ƙirgawa, sifili Lahadi ce, ɗaya Litinin. Sannan idan ka cike ranar wata da ranar mako duka biyun, cron ba ya jira su haɗu, ko wacce ta zo sai ya tashi. Wannan bai shafe ka yanzu ba, ka dai riƙe.

Kai, dakata ma, kafin wannan, ka tabbata ƙarfe 2 ɗinka shi ne ƙarfe 2 na sabar? Sabobi da yawa a kan UTC suke, wato agogon bai-ɗaya na duniya. Ka shiga ka buga date ka ga abin da za ta nuna maka. Yana yiwuwa abin yana tashi, kai ne kake dubawa a lokacin da ba shi ba. Amma tunda ka ce imel ko ɗaya bai fita ba, to ba na zaton nan ne. Mu wuce.

Inda na fi zargi shi ne hanyar fayil. Ka gane, lokacin da ka buɗe shafin a burauza, Apache ko Nginx ne yake karɓar buƙatar ya miƙa wa PHP, komai a shirye: ana cikin foldar da sikirif ɗin yake, akwai adireshin shafin, akwai session, wato bayanin zaman mai amfani. Cron ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Kamar ka aiki baƙo ne a garin da bai sani ba, idan ba ka ba shi cikakken kwatance ba, a ƙofar gida zai tsaya. Daga foldar gida ta akawun ɗinka yake farawa, kuma wuraren da yake neman umarni 'yan kaɗan ne, galibi /usr/bin da /bin kawai. Idan ka rubuta php kurum, wataƙila bai same shi ba, ko ya samu wani tsohon PHP da ba shi shafinka yake amfani da shi ba. A sabar haya musamman, ana iya samun PHP kala-kala a girke. Ka buga which php, abin da ta ba ka shi za ka rubuta gaba ɗayansa, sannan cikakkiyar hanyar sikirif ɗin tun daga /home har sunan fayil. A cikin sikirif ɗin kuma, duk inda ka yi require da guntuwar hanya, ka sa __DIR__, wato foldar da sikirif ɗin yake, a gabanta. Idan kuma kana karanta $_GET ko $_SESSION ko DOCUMENT_ROOT, to babu komai a cikinsu idan daga cron aka tashe shi. Sikirif ɗin zai iya mutuwa tun a layukan farko.

Kuma zai mutu ba tare da ka ji ba, wanda shi ne ainihin abin da yake ci min tuwo a ƙwarya a wannan harkar. Ina da tabbacin, ko ban ga layinka ba, a ƙarshensa akwai > /dev/null 2>&1. Kowa kwafa yake yi daga intanet ya manna, ba ya tambayar me yake yi. Ma'anarsa ita ce duk abin da sikirif ɗin ya faɗa, har da kukan kuskure, a zubar da shi kada kowa ya gani. To ta yaya za ka san abin da ya faru?

Bari in gaya muku abin da ya sa nake ɗaukar zafi a kan wannan. Akwai wani shafi da aka taɓa damƙa min bayan wanda ya gina shi ya bar aikin. Masu shafin suka ce min hankalinsu kwance, ai kullum da dare ana ɗaukar kwafin rumbun bayanai. Na shiga foldar, wallahi ga fayiloli nan jere reras, kowanne da kwanan watansa, ba ranar da aka tsallake. Da na buga ls -l don in ga girmansu, sifili. Na sama sifili, na ƙasa sifili, haka har watanni baya. Abin da ya faru, an canza kalmar sirrin rumbun bayanan, ba a canza ta a sikirif ɗin ba. Kullum mysqldump, umarnin da yake ɗaukar kwafin, yana tashi, a ƙi ba shi izini, ya yi ƙorafi, ƙorafin ya tafi /dev/null, shi kuwa fayil ɗin an riga an ƙirƙire shi fanko. Mutanen nan suna biyan kuɗi, suna barci, ba su da kwafi ko ɗaya mai amfani. Da rumbun ya lalace a tsakanin nan, shi ke nan, bayanan kwastomominsu duka sun tafi. Da na nemi mutumin na tambaye shi me ya sa ya rufe bakin abin, cewa ya yi imel ɗin cron ne suke cika masa akwati. Imel suke cika maka akwati! To ka tura su fayil mana. Ko ka gyara sikirif ɗin ya yi shiru idan komai lafiya, ya yi magana idan an samu matsala, ai haka aka tsara abin tun asali, shi ya sa akwai MAILTO, inda ake sa adireshin da cron zai tura wa saƙon. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, don ba rashin ilimi ba ne, ya iya aikinsa, ganda ce kawai. Kuma ban da shi ma, duk wanda yake ɗaukar kwafi bai taɓa gwada dawo da shi ba...to, wannan maganar wata rana ce.

Kai dai ka cire wancan, ka sa >> da hanyar wani fayil, misali cron.log a cikin foldar gidanka, sannan 2>&1 a ƙarshe. Kada ka ajiye shi a cikin public_html inda kowa zai iya buɗewa. Sai ka mayar da lokacin taurari biyar na ɗan lokaci, ya riƙa tashi kowane minti, ka jira minti biyu ka buɗe fayil ɗin. A'a, tsaya, naka imel yake turawa. Ka fara kashe wurin turawar, ko ka sa adireshinka kai kaɗai, kafin ka yi wannan gwajin. Idan fayil ɗin ya fito da rubutu a ciki, ga amsarka nan. Idan ko fayil ɗin bai fito ba, to cron ne bai karanta layin ba. A Ubuntu, ko Debian na kafin 12, ka nemi kalmar CRON a /var/log/syslog, a dangin Red Hat kuma /var/log/cron ne. Idan cPanel, shafin sarrafa sabar haya, kake amfani da shi ba za ka ga waɗannan ba, sai ka duba ko kamfanin ya taƙaita yawan tashin, wasu ba sa barin kowane minti. Ka kuma duba ko akwai alamar % a layin, don a crontab, fayil ɗin da layukan cron suke ciki, tana nufin sabon layi, duk abin da ke bayanta an yanke shi daga umarnin, sai ka sa mata \ a gaba.

Na ji wani ɗan'uwa ya ce ka sa cron ya kira adireshin shafin da umarnin curl ko wget kawai, tunda a burauza yana aiki. Eh, zai yi aiki, ban ce ba zai yi ba, kuma a wasu sabobin haya ita ce kaɗai hanyar. Amma ka san abin da ka saya. Adireshin da cron zai iya kira, kowa ma zai iya kiransa, wani ya gano shi ya yi ta dannawa yana tura wa mutanenka imel. Dole ka sa masa wata kalmar sirri da zai duba kafin ya yi komai. Sannan ta wannan hanyar PHP yana da iyakar daƙiƙa 30 idan ba a canza ba, alhali ta layin umarni babu wannan iyakar. Yau mutanenka kaɗan ne, gobe idan suka yi yawa zai yanke a tsakiya, rabi su samu, rabi su rasa. Masu WordPress kuma, nasu wp-cron ɗin ba agogo ba ne, sai wani ya ziyarci shafin yake dubawa ko akwai aikin da lokacinsa ya yi. Shafin da ba kowa da dare, aikin sai safe. Shi ya sa ake sa DISABLE_WP_CRON a wp-config.php, a bar cron na gaske ya riƙa kiransa. Amma kai naka da hannu ka rubuta, bar wannan.

Abu biyu da za ka yi idan ya fara tashi. Ka sa flock -n da hanyar wani fayil na kullewa a gaban umarnin, don kada wani sabo ya tashi alhali na farko bai gama ba. Sannan duk wanda aka tura wa imel, ka rubuta a rumbun bayanai nan take cewa an tura masa, ta yadda ko sikirif ɗin ya tashi sau biyu ba zai maimaita ba. Ka kuma sani idan sabar tana kashe ƙarfe 2, cron ba ya ramuwa, sai gobe. Wasu manhajojin suna ramawa: Anacron yana yi, systemd ma yana yi idan ka sa Persistent=true, amma ban ga kana buƙatarsu yanzu ba.

Yauwa, idan za ka buga crontab -e don gyara layin ka kalli yatsanka, r tana maƙwabtaka da e, kuma crontab -r share komai take yi ba tare da ta tambaye ka ba. Ka fara yin crontab -l ka kwafe abin da ke ciki ka ajiye. Ka turo min hoton layin yadda yake yanzu da abin da ya fito a cron.log, ka rufe kalmar sirri idan akwai, in sha Allahu yau ɗin nan za mu gama da shi.