Sau Biyu An Tashe Ni Daga Gidan Haya, Ina Mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Sau biyu masu gida suna tashi na saboda bashin kuɗin haya, a lokacin da na rasa aikina. Yanzu Allah ya hore mini wani aikin, amma duk dillalin da ya ji labarin sai ya daina ɗaga wayata. Shin in ɓoye abin da ya faru?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ɓoye, domin mai gida mai lura yakan tuntuɓi wanda ka zauna a gidansa a baya, kuma idan maganar ta kai kotu, tana nan a rubuce. Ranar da ya gano rufa-rufar, ba zai ƙara sauraron uzurinka ba.

Ka fara da tsohon bashin. Ka koma wurin wanda yake bin ka, ko da kunya za ta rufe ka, ku yi yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan, ka kuma riƙa karɓar rasit duk lokacin da ka biya, saboda takarda guda mai sa hannunsa ta fi dogon bayani tasiri a idon sabon mai gida. Ka haɗa da takardar albashinka ta wata 3 da mutum mai mutunci da zai tsaya maka.

A ganina, gara ka nemi mai gidan da kansa, tunda dillali la'adarsa ce a gabansa, ba ya son abin da zai jawo masa zargi. Idan mai gidan yana ɗari-ɗari, ka nemi ya gwada ka da wata 6 tukuna, a rubuce.